Yadda ake neman zaman taimakon juna don daina shan giya a Kano

Shekara 11 na yi ina shan giya a garin nan, kuma a tsawon shekarun babu wanda ya taɓa ganina da kwalba a unguwarmu. Haka yawancinmu muke. Mutum ya rufe shago, ya hau adaidaita sahu ya bi ta Bata ya faɗa Sabon Gari, ko ya sayi 'yar leda ya juye a gorar lemo, sannan ya dawo gida da kanumfari ko Tom Tom a baki, ya wuce ɗaki da sauri kafin a tsayar da shi gaisuwa. Tun da aka dawo da shari'ar Musulunci a jihar nan a shekarar 2000, sha da sayar da giya laifi ne, kuma kowa yana ganin yadda Hisbah take farfasa kwalabe. Ga tsoron Allah, ga tsoron hukuma, ga na surukai da maƙwabta. Saboda haka mai sha a Kano ya ƙware wajen ɓoyewa, kuma ran da ya so dainawa, wannan ɓoyewar ce take tare masa hanya, domin bai saba buɗe baki ga kowa ba.

Ni rantsuwa na yi ta yi. Na rantse a azumi, na rantse ranar sunan 'yata, na rantse a bakin kabarin mahaifina. Abin da ya tsayar da ni a ƙarshe shi ne zama da mutane irina, waɗanda suka sha suka daina, muna haɗuwa kowane mako muna faɗa wa juna gaskiya. Ga yadda ake samun irin wannan zaman, ɗan'uwa, da yadda ake shigarsa.

Mataki na farko: ka ga likita kafin ka ajiye kwalba

Wannan na sa shi a gaba saboda rai ne a ciki. Idan kullum kake sha, ko hannunka yana karkarwa da safe har sai ka ɗan kurɓa, to jikinka ya riga ya dogara da barasa, kuma yanke ta dare ɗaya yana iya kashe mutum. Alamomin sukan fara ne tsakanin sa'a 6 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe: karkarwa, zufa, amai, bugun zuciya, rashin barci. Wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya a kwana biyun farko. Mafi hatsari shi ne abin da yake zuwa wajen kwana na 2 zuwa na 4, inda mutum zai rikice, ya daina gane inda yake, ya riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango, jikinsa ya yi zafi. A gidajenmu da an ga haka sai a ce iska ce ko sammu, a kira mai ruƙiyya, a rufe ƙofa. Addu'a ba ta hana magani. Wanda ya shiga wannan hali a kai shi sashen gaggawa na asibiti a daren, kuma a faɗa wa likita cewa yana shan giya ya daina kwana kaza da suka wuce. Kalmar nan guda ita ce za ta nuna masa maganin da zai bayar.

A lura da wannan musamman a farkon azumi, lokacin da da yawa suke yankewa gaba ɗaya daga ganin wata.

A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, akwai kuma asibitin Dawanau a kan hanyar Katsina. Na san nauyin da sunan Dawanau yake da shi a bakin mutane, har yara suna tsokanar juna da shi. Ka cire wannan daga ranka. Likitocin da suka karanci ƙwaƙwalwa su ne suka karanci jarabar shaye-shaye, zuwa wurinsu kuma ba ya nufin ka haukace. Idan ya yi maka nauyi, ka fara da yankar kati a ɓangaren ganin likita na yau da kullum a kowane babban asibiti, ka ce a tura ka.

Idan ka shiga, ka faɗi adadin gaskiya: kwalba nawa, leda nawa, tun yaushe, da ko kana haɗawa da taramol, kodin, wiwi ko ƙwayar barci. Dukanmu mukan rage lissafi da rabi a gaban likita, shi kuwa da lissafin yake auna magani. Aikinsa ya ɗora masa riƙe sirrin mara lafiya. Zai duba hanta da hawan jini, zai iya ba ka maganin kwantar da jiki na 'yan kwanaki da bitamin B1 wanda yake kare ƙwaƙwalwa, ya kuma yanke ko a gida za ka yi jinyar ko sai an kwantar da kai. Akwai magungunan rage ƙwaɗayin barasa irin su naltrexone, ka tambaye shi ko sun dace da kai. Kada ka sayi ƙwayar barci a kemis ka ce za ka yi wa kanka, domin haka da yawa suka fita daga giya suka faɗa ƙwaya.

Mataki na biyu: ka san abin da kake nema

Zaman taimakon juna taro ne na mutanen da matsalarsu ɗaya, babu likita a kan kujerar shugaba, babu mai wa'azi, babu kuɗin shiga. Mafi daɗewa a duniya ita ce ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA. Ta samo asali ne a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, lokacin da wani ɗan kasuwar hannun jari, Bill Wilson, ya ji ƙwaɗayin sha ya taso masa a baƙon gari, sai ya nemi wani mashayin da zai yi magana da shi, aka haɗa shi da wani likita, Bob Smith. Sun gano cewa mashayi yana jin maganar ɗan'uwansa mashayi fiye da ta kowa, kuma mai ba da taimakon shi ma yana tsira da shi. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: kana son ka daina sha. Ba a rubuta suna a rajista, da sunan farko kawai ake sanin mutum.

Akwai 'yan'uwanta. Narcotics Anonymous, wato NA, an kafa ta a 1953 don masu ƙwaya da sauran kayan maye, kuma a wurinsu giya ma ƙwaya ce, don haka mai haɗa biyun zai ji daɗin zamansu. SMART Recovery, daga 1994, ba ta shigo da maganar imani, dabarun sarrafa tunani da ƙwaɗayi take koyarwa. Sai Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a 1989 a birnin Baltimo na Amurka, suka ɗauki tsarin matakai 12 na AA, wato matakan da mai son daina sha yake bi ɗaya bayan ɗaya, suka gina shi a kan Alƙur'ani da Sunna.

Ga mai tambayar ko abin yana aiki: a 2020 masu tace binciken lafiya na Cochrane sun haɗa bincike 27 da suka shafi mutum 10,565, suka ga cewa AA da shirye-shiryen asibiti masu kai mutum gare ta sun kai sauran hanyoyin ba da shawara, wajen barin sha gaba ɗaya ma sun fi su.

Mataki na uku: nema

A garin nan ba za ka ga allo a bakin titi an rubuta wurin taron masu daina giya ba, kuma dalilin a bayyane yake. Da baki ake nema, a wurin mutanen da suka dace.

Ka fara da inda ka ga likita. Kafin ka tashi daga kujera ka ce masa, "Likita, akwai zaman rukuni da ake yi wa masu irin matsalata? Akwai waɗanda suka daina da za a haɗa ni da su?" Ka maimaita tambayar ga nas ta sashen da jami'in walwala na asibitin, domin su ne suka fi sanin marasa lafiyar da suka warware suna dawowa. Idan babu zaman da ake yi, ka bar lambarka ka ce a ba duk wanda ya zo da irin buƙatarka kuma ya yarda. Ni ta haka na samu mutum na farko.

Hukumar NDLEA tana da layin neman shawara na kyauta, 0800 1020 3040, kuma ba sai ka faɗi cikakken sunanka ba. Aikinsu ya fi karkata ga ƙwayoyi, amma masu amsawa za su iya nuna maka cibiyar da ta fi kusa da kai, musamman idan kana haɗa giya da wani abin.

Hanya ta uku ita ce intanet, kuma ga mutumin Kano ita ce mafi saurin buɗewa. Ka shiga Google ka rubuta Online Intergroup of Alcoholics Anonymous. Shafinsu yana jera tarurrukan da ake yi ta Zoom da ta waya daga ƙasashe daban-daban, kusan kowace sa'a ta dare da rana. Haka NA da SMART Recovery da Millati Islami suke da nasu jerin. Ka kuma rubuta AA Nigeria don ka ga na 'yan ƙasa, waɗanda suka fi yawa a Legas da Abuja, ka tambaye su ko sun san wani a Kano. Ka kula da bambancin lokaci: Afirka ta Kudu tana gabanmu da sa'a 1, Kenya da sa'a 2, Landan daidai take da mu a lokacin zafinsu amma tana bayanmu da sa'a 1 a lokacin sanyinsu, New York ta Amurka kuwa tana bayanmu da sa'a 5 ko 6. Amfanin wannan shi ne ko ƙarfe biyun dare ƙwaɗayi ya tashe ka, wani wurin yamma ce kuma ana zaune.

Yawancin waɗannan tarurruka da Turanci ake yi. Idan kana ji ko da sama-sama ne, ka shiga, domin labarin mashayi ba ya wuyar ganewa ga mashayi. Idan ba ka ji, ka wuce zuwa batun kafa naku da ke can gaba a rubutun nan, shi ne naka.

Limami ko malamin unguwa, ko fasto ga 'yan'uwa Kirista, shi ma ƙofa ce, domin mutane suna kai musu kukansu a asirce, kuma mai yiwuwa ya san wani da ya bi wannan hanya. Sai dai ka zaɓa da kyau. Ka nemi wanda ba ka taɓa jin sirrin wani daga bakinsa ba.

Mataki na huɗu: ka tantance kafin ka miƙa kanka

Duk inda ake ɗaure mutum da mari, ko dukansa, ko hana shi abinci da sunan gyaran hali, ka guje shi, kuma kada iyali su kai ɗansu. Mun ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina a 2019. Haka duk wanda ya ce zai raba ka da giya cikin kwana bakwai da wani jiƙo idan ka biya kaza, da wanda yake ɗaukar hoton masu zuwa wurinsa yana sawa a Facebook ko TikTok. Zaman gaskiya ba ya neman kuɗin rajista. Abin da akan yi shi ne a zagaya da ɗan kwano don kuɗin shayi ko hayar wuri, mai hali ya saka, marar hali ya miƙa gaba.

Mataki na biyar: ranar farko

Idan ta waya ce, ka yi caji tun da rana saboda ɗauke wuta, ka sa iyafis, ka samu inda ba za a ji ka ba: cikin mota, bayan shago bayan an tashi, ko saman bene. Kafin ka shiga Zoom ka canja sunan da yake fitowa zuwa sunanka na farko kawai ko wani laƙabi, ka cire hotonka. Kana iya kashe kyamara, hakan ma yana rage cin data, ko da yake wasu tarurrukan za su ce ka kunna ta na ɗan lokaci don su tabbatar kai ba mai zuwa ɓata taro ba ne.

Idan ido da ido ne, ka isa minti goma kafin lokaci, ka ce wa wanda ka fara gani, "Yau ne zuwana na farko." Za ka ji kamar ka juya daga bakin ƙofa. Ni sau biyu na wuce wurin ina kallonsa ta gefen ido kafin na iya shiga. Tsoron da ya fi kama mutum shi ne kada ya tarar da wanda ya sani. Idan ka tarar, abin da ya kawo ka shi ya kawo shi, kuma asirinka da nasa sun zama ɗaya.

Zaman yakan ɗauki kamar sa'a guda. Mai jagoranci, wanda shi ma mai murmurewa ne, zai buɗe da ɗan karatu a kan manufar taron, sannan ya tambaya ko akwai sabon zuwa. Daga nan mutane su riƙa karɓar magana ɗaya bayan ɗaya, minti uku zuwa biyar. A AA al'ada ce mutum ya fara da cewa, "Sunana wane, ni mashayi ne." Ba dole ba ne ka faɗi haka. Kana iya cewa, "Sunana wane, yau saurare na zo yi," a wuce ka ba tare da kowa ya ga laifinka ba. Akwai taron da ake buɗe wa kowa har da iyali, akwai wanda aka keɓe wa masu matsalar kaɗai, kuma jerin yakan nuna wanne ne wanne.

Ladabin wurin ya saɓa da majalisar ƙofar gida da muka saba. Ba a katse mai magana. Ba a ce masa "ai da ka yi kaza." Kowa labarin kansa yake bayarwa: yadda yake a da, abin da ya faru, yadda yake yanzu. Da farko abin zai yi maka baƙo, mutum ya gama faɗin abin da ya fi ƙona masa rai, a ce masa "mun gode" kawai. Daga baya za ka gane darajar hakan, domin kai da ka shekara ana yi maka faɗa, yau ka yi magana har ƙarshe babu wanda ya yanke maka hukunci. Abin da aka ji a wurin kuma a wurin yake tsayawa, majalisi amana ce. Duk da haka amanar ta mutane ce, babu dokar da ta tsare ta, don haka a taron intanet mai cike da baƙi kada ka ambaci unguwarku, wurin aikinka ko sunan wani.

Idan kana saurare, ka nemi inda kuka yi kama. Wani Bature zai yi maganar mashayar da ke ƙasan gidansa da ruwan inabin teburin cin abinci, zuciyarka ta ce maka wannan ba duniyarka ba ce. Ka jira ya zo kan ƙaryar da ya yi wa matarsa, da kuɗin makarantar yara da ya taɓa, da yadda yake farkawa da asuba yana lalube a ransa me ya faɗa jiya. Nan za ka ji kanka. Kuma kada ka yanke wa abin hukunci da zama ɗaya. Ka gwada aƙalla shida, a rukuni daban-daban, domin kowane rukuni da halinsa.

Maganar addini

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a farko, kuma na san za ta dame ka. AA ba ta wani addini ba ce, tana maganar miƙa lamari ga Ubangiji gwargwadon yadda kowa ya san Shi. Amma a ƙasar Kiristoci ta tashi, kuma wasu rukunan sukan rufe da addu'ar Kirista. Musulmi yana iya yin shiru ya yi tasa a zuci, babu mai tilasta masa. Da na duba matakan 12 da kyau, sai na ga yawancinsu abubuwan da aka karantar da mu ne tun muna yara. Amincewa cewa ba ka da ƙarfin kanka a kan barasa, ai ita ce la haula wa la ƙuwwata illa billah da muke faɗa kullum. Bin diddigin laifukanka a rubuce muhasaba ce. Neman waɗanda ka cutar ka biya su, sharaɗin tuba ne idan akwai haƙƙin wani.

Wani zai ce ai an hana bayyana zunubin da Allah Ya rufa. Na kai wannan tambaya gaban malami, ya bambance mini tsakanin mai tallar saɓo yana alfahari da mai faɗin ciwonsa don neman magani ko fatawa. Ya kuma tuna mini cewa haramcin giya a hankali ya sauka, daga aya ta 219 a Baƙara, zuwa ta 43 a Nisa'i, kafin hani na ƙarshe a Ma'ida, aya ta 90 da 91. Ya karanta mini hadisin Bukhari na sahabin da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ranar na yi kuka a zauren malamin, domin na daɗe da cire kaina daga cikin mutanen da za a faɗa wa haka.

Mataki na shida: tsakanin zama da zama

Taro sa'a ɗaya ne, sauran sa'o'in kai ne da ranka. Saboda haka kafin ka bar wurin ka karɓi lambar mutum biyu ko uku. Bayan 'yan makonni ka zaɓi ɗaya wanda ya daɗe bai sha ba, aƙalla shekara, wanda natsuwarsa ta burge ka, ka roƙe shi ya zama mai riƙe hannunka. A AA sifonsa suke ce masa. Shi za ka riƙa kira, shi zai bi da kai matakan ɗaya bayan ɗaya. Namiji ya riƙe namiji, mace ta riƙe mace. Kada kuɗi ya shiga tsakaninku, ba rance ba haɗin jari, domin na ga bashin dubu kaɗan ya raba mutum da zaman da yake tsare masa rai.

Ka kira kafin ka sha. Ƙwaɗayi yana tasowa ne ya yi tsanani sannan ya lafa, sau da yawa cikin rabin sa'a, kuma hira a waya tana cinye wannan lokacin. Abubuwa huɗu ne masu murmurewa suke gargaɗin juna a kansu: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Ni nawa lokacin shi ne bayan magariba ranar da ciniki ya yi kyau, kuɗi a aljihu, jiki a gajiye. Sai na mayar da zamana da kiran wayata daidai wannan lokaci, na canja hanyar komawa gida, na daina bi ta Bata na tsawon watanni ko da zagayen zai ƙara mini kuɗin mota. Abokan sha kuma sai haƙuri da su, zama da maɗaukin kanwa shi yake kawo farin kai.

Sababbi akan shawarce su da su halarci taro 90 a kwana 90 na farko. Da intanet wannan mai yiwuwa ne. Idan bai samu ba, ka tsayar da ranaku ka riƙe su kamar yadda kake riƙe ranar kasuwa. Alkawarin da ake ɗauka kuma na yau ne kaɗai: yau ba zan sha ba. Rantsuwar har abada ita ce wadda na sha karyawa.

Idan ba ka samu ba, ku kafa naku

A tsarin AA, mashaya biyu ko uku da suka haɗu don neman daina sha sun isa su kira kansu rukuni. Namu da mutum uku ya fara, kuma da Hausa muke yi, wanda ya sa maganar take fitowa daga inda take ciwo. Ku samu wuri mai sirri wanda shigarsa ba ta jawo tambaya: ofishin ɗayanku bayan an tashi, ɗakin da asibiti ko wata cibiya za ta ara muku, ko zauren wanda yake zaune shi kaɗai. Ku tsayar da rana da lokaci ɗaya, kada ya ci karo da salla, bayan la'asar ko bayan isha'i. Ko mutum biyu ne suka zo, a zauna.

Ku amince da ƙa'idoji tun ranar farko, a riƙa karanta su a kowane zama. Wayoyi a kife, ba ɗaukar murya ba hoto. Ba siyasa, ba gardamar aƙida, ɗan Izala da ɗan ɗariƙa da Kirista duk ciwo ɗaya ya tara su. Jagoranci ya riƙa zagayawa don kada wani ya mayar da zaman nasa. Wanda ya zo a buge a bar shi ya saurara idan bai ta da hankali ba, a yi magana da shi a gefe bayan an tashi. Idan za ku buɗe zauren WhatsApp, ku ba shi sunan da ba ya nuna komai, kuma kada a rubuta sirrin kowa a ciki, domin waya tana faɗawa hannun mata da yara. Ku sanar da likitan da kuka amince da shi cewa kuna nan, don ya turo muku wasu, ku ma ku tura masa duk sabon da yake karkarwa.

'Yar'uwa mai wannan matsala, na san naki nauyin ya ninka namu, domin abin da za a yafe wa namiji ke yana iya cin aurenki. A jerin tarurrukan intanet akwai na mata zalla, da su za ki fara. A asibiti kina da damar cewa likita mace ko nas mace kike so. Idan kina da ciki ki faɗa da wuri, barasa tana taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki.

Uwargida ko mahaifiyar mai sha kuma akwai nasu zaman, Al-Anon, wanda aka kafa a 1951, shi ma ana yinsa ta intanet. A can ake koyon yadda za a daina biya masa bashi da yi masa ƙarya a wurin aiki, ba tare da an yar da shi ba.

Idan ka koma ka sha

Yana faruwa da mutane da yawa, ni ma ya faru da ni a wata na biyar, bayan wata rasuwa. Abin da zuciya take cewa washegari shi ne ka ɓata komai, da wane ido za ka kalle su. Kwana 12 na yi ban ɗaga wayar kowa ba, kuma a kwanakin nan na sha fiye da yadda nake sha a da. Kada ka yi irin wannan jinkirin. Da ka farka ka zubar da abin da ya rage, ka kira mai riƙe hannunka ka faɗa masa yadda aka yi, ka sha ruwa ka ci abinci. Idan shan ya ɗauki kwanaki a jere, ka koma wurin likita kafin ka sake yankewa, domin hatsarin jijjiga yana ƙaruwa ga wanda ya sha dainawa yana komawa. Sannan ka je zama na gaba, ka faɗa da bakinka, ku zauna da mai riƙe hannunka ku bi ranar daki-daki: ina kake, da wa, me ka ji, wace waya ce ba ka buga ba.

Ran da na koma, ina tsaye a bakin ƙofa na kasa ɗaga kai, dattijon cikinmu ya matsa a kan tabarma ya ce, "Malam, ga wurinka nan, shigo mu fara."